Lafiya-Lau da irin waken Safo

Har gobe ba zan manta ranar da Baba Na-Allah ya juya amalankensa wayam daga ƙofar ma'aikatarmu ba. Ƙarshen shekarun casa'in ne, ina sakatariya a wani ƙaramin froje, wato shirin taimakon manoma, a Madarumfa. Biro, wato ofishinmu, ɗaki biyu, iskar tabki tana shigo mana ta taga. Kai, mun ji daɗin wurin nan.

Ordinata, wato kwamfuta, ɗaya gare mu. Malam Isuhu, masaninta, ya rubuta furogiram mai aika buƙatun ƙauyuka ta layin tarho zuwa babbar na'ura a Yamai. In saƙo ya isa, ta amsa da lamba 200. In ta rikice, 500. Da yake layin sai ya ga dama, Malam ya ƙirƙiri na'urar ƙarya cikin ordinatarmu, tana amsawa a madadin ta Yamai don gwaji. Ni aka ɗora wa duba gwajin, in sa hannu.

Duk abin da na aika, 200. Har na raɗa wa na'urar ƙaryar suna Lafiya-Lau.

Na ce, "Malam, ita wannan ba ta san a'a ba? Koya mata 500 mu gani."

Ya ce, "Haba Rabi, da bakinki za ki kira mana tsiya? Fata nagari lamiri."

Na yi dariya, na sa hannu. Wa ke son a ce da shi mai mugun baki?

Gab da damina muka aika buƙatar irin wake ta manoman Safo. Ashe ta Yamai 500 ta amsa. Furogiram bai taɓa ganin irin wannan amsa ba, ya rubuta "an aika" abinsa, mu kuma muka miƙe ƙafa muna jiran motar iri.

Baba Na-Allah, wakilin manoman, sau uku yana zuwa da jakinsa, ina ce masa iri na hanya. A zuwan ƙarshe an riga an yi ruwan shuka. Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Ɗiyata, da kun ce babu, da na nema a Jibiya."

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Washegari Malam Isuhu, Allah ya jiƙansa, ya zauna ya koya wa Lafiya-Lau duk wata tsiya: 500, shiru, yankewar layi ana tsakar magana. Muka yi ta jarrabawa muna shan shayi, kowace a'a ta fito mu yi murna.

Ku yaran yanzu, in aka kawo muku gwaji ku duba, ku fara neman inda ya ce babu. Ni sai da mutanen Safo suka rasa waken shekara guda na koya.