Malama Turai, Mai Ɗaure Gizo da Rana Tsaka

Lokacin da take riƙe da aji, kowace safiya, kafin a kaɗa ƙararrawa, Malama Turai takan tsaya gindin wata kaba da ke bayan katangar makarantarsu a Talata Mafara, ta tsinki ganye ɗaya ta jefa a jaka. A ƙafa take zuwa, rani da damina. 'Yan aji biyu take koyarwa, yara sun haura tamanin, benci goma sha ɗaya, sauran a ƙasa. In an gaisa an yi addu'a, sai ta miƙa wa yaro ɗaya ganyen nan ya ƙulla shi a ƙarfen taga, ajin duka su amsa cewa an ɗaure gizo. Sannan ta gyara tsayuwa ta ce, ga ta nan ga ta nanku.

Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san abin da iyaye ke faɗa, cewa ba a tatsuniya da rana, wanda ya yi zai ɓata. In kuwa ta kama dole, sai a ƙulla wani abu a ce an ɗaure gizo. Malama Turai ba ta taɓa cewa ganye na tsare mutum ba, mai tsarewa Allah ne, kuma haka take gaya wa yara. Amma ta san gidajen da suka fito. Ta san in yaro ya koma ya ce an yi musu tatsuniya da hantsi, tambayar farko da kakarsa za ta yi ita ce ko an ɗaure.

Gwanintarta kuwa ita ce ba ta ƙarasa labari. Daidai inda ya yi daɗi nan take tsayawa, ta ce wa zai ƙarasa mana. Yara su yi ta kawo nasu, tana gyara musu magana, tana ɗora kalmominsu a allo. Nata ƙarshen kuma sai ta rubuta shi a gefe, ta ƙi karantawa, ta ce mai son ya sani ga shi nan. Ni da nake wannan rubutu, a Bakura na faɗa hannunta shekara talatin da suka wuce, ina ɗan ƙato a aji uku ban iya haɗa baƙi da wasali ba. Bulala ta gaji da ni, ni ma na gaji da ita. Son in san abin da ya sami wata kaza mai rowa shi ya sa na zauna gaban allo ranar har aka tashi, ina harhaɗa haruffa kamar mai tsintar gero a rairayi. Tun daga Bakura zuwa Maradun zuwa Mafara, irina suna da yawa, kuma da yawanmu mun manta hanyar gidanta.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne shekara huɗu da suka wuce. Malam Jibrin, mai koyar da ajin da ke kusa da nata, ya gani da idonsa, shi ma mutumin da abin ya shafa ya tabbatar mini. Wani makiyayi mai suna Buba ya yi gudun hijira daga wajen Gidan Goga bayan 'yan bindiga sun afka wa rugarsu. Yana da 'yan tagwaye mata, Hasana da Usaina. A gudun da aka yi ranar Usaina ta ɓace, ba a ga gawa ba, ba a ji labari ba. Hasana kuwa tun daga ranar ba ta sake cewa uffan ba. Aka sa ta ajin Malama Turai, ta yi wata uku bakin taga. Wasu malamai suka ce bebiya ce, a mayar da ita gida. Malama ta ce bebiyar da leɓenta ke motsi in ana tatsuniya, a bar mata ita.

Ran wata Talata, ana cin kasuwa, sai ga Buba a ƙofar aji da sanda a kafaɗa. 'Ya'yan maƙwabta sun gaya masa abin da ake yi a ajin. Aka gaisa, aka tambayi gida da gajiya da bakin zama, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Malama, ɗiya biyu Allah yab ba ni, guda ta ɓace. An ce min kina yi musu gatana da rana. Ki ba ni ɗiyata mu tahi, ba ni da wadda za ni ƙara rasawa."

Da wata malamar ce, da ta yi masa dariya, ko ta karanto masa wa'azi a gaban yara. Malama Turai ta san wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ta ce masa shi ma ya san Allah ke tsarewa, ya ce ya sani. Sai ta zaro ganyen kaba ta miƙa masa.

"To, Baffan Hasana, yau kai za ka ɗaure shi da hannunka. Ka yi mashi irin ƙullin da kaka yi ma maraƙi ga dangwali, in ba ka son shi bi uwatai. In an ƙare ba ka gamsu ba, ga ɗiyarka nan."

Ya ƙulla, ya ja ya ga ya kamu, ya koma bakin ƙofa ya tsaya. Malama ta kawo labarin wasu maruƙa biyu da suka tafi mashaya, hadari ya taso, ɗaya ta dawo gida, ɗaya ba ta dawo ba. Ta gaya mini daga baya cewa ta daɗe da wannan labari a ranta tana tsoron fito da shi. Ta tsaya inda ta saba tsayawa. Wani yaro ya ce kura ta cinye ta, wata ta ce ruwa ya tafi da ita. Sai aka ji wata murya a dushe daga bakin taga.

"Ba kura ta ba. Ta laɓe cikin karan gero, tana jiran a kira ta da sunanta."

Malama ba ta nuna mamaki ba, ta tambaye ta kamar yadda take tambayar kowa, wa zai kira ta. Hasana ta ce, "Ni." Buba ya tsuguna a bakin ƙofar ya rufe fuska da malafarsa, kuma shi kaɗai ya koma gida ranar, ya bar Hasana a aji.

To, ku ji tukuicin da aka ba ta. Bayan mako biyu wani jami'in duba makarantu ya zo, da takalmi mai sheƙi. Bai sa yaro ko ɗaya ya karanta masa layi ba. Bai tambayi yadda aka yi 'yan aji biyu ke rubuta wasiƙa, alhali a wasu makarantun ɗan aji shida ba ya iya rubuta sunan ubansa ba. Idonsa ƙullin kaba kawai ya gani a taga. Ya rubuta cewa tana koyar da camfi, tana cinye lokacin manhaja da tatsuniya. Aka cire ta daga aji, aka ba ta mabuɗin ɗakin da ake tara karyayyun kujeru. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi. Matar da ta buɗe bakin yarinyar da tashin hankali ya rufe, ita aka sa gadin katako. A makon nan Hasana ta sake yin shiru.

Da Malama ta ji haka, sai ta ce ai aji aka hana ta, ba a hana ta inuwa ba. Da an tashi tara, ta shimfiɗa buhu gindin dalbejiya, ta ƙulla ganye a reshe. Yara suka riƙa barin layin awara suna zuwa, har masu tallar suka matso da farantansu don su ma su ji. Ƙasa ta zama allo, tsinke ya zama alli. A nan Hasana ta dawo magana, a nan ta rubuta sunan 'yar'uwarta karo na farko.

Bara aka kira taron bita a Gusau, wai an zo da sabuwar dabarar koyar da harshe ta hanyar ba da labari. Wa kuke tsammani ya dawo yana koya wa malamai ita? Mutumin nan dai mai takalmi, har da ɗaga yatsa. Malama Turai na zaune a baya tana saurare, ba wanda ya ce ta tashi ta yi magana, ba wanda ya mayar mata da ajinta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Watan jiya ta yi ritaya bayan shekara talatin da biyar. Daga ofis ba wanda ya leƙo. Yara ne suka taru gindin dalbejiya, Buba ya zo da ganyen kaba a aljihu ya yi ƙullinsa. Hasana, yanzu tana aji shida, ta miƙe da takarda ta karanta labarin da ta rubuta da hannunta, na yarinyar da ke bin gonaki tana kiran suna. Ta kai tsakiya ta tsaya. Yara suka ce ta ƙarasa, ta ce ƙarshen bai zo ba tukuna, amma in ya zo ta iya rubuta shi. Har yau ba a ga Usaina ba.

Malama, ke ce uwar masu karatun garuruwa uku. Ke ce kika san tsoron iyaye ba a korarsa da tsawa. An ƙwace miki aji, ba ki yi fushi da yara ba, kuma mu da kika koyar muka yi shiru muna kallo, wannan kunyar tamu ce. Na gode, a madadina da duk wanda ya taɓa zama gaban allonki. Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki lafiya, ya nuna miki ranar da Hasana za ta ƙarasa labarinta.

Ku kuma malaman da kuka rage, kada ku jira a kira ku Gusau. Gobe ma akwai yaron da zai zauna bakin taga bai ce komai ba. Kabar nan tana bayan katanga, ba ta da mai gadi.