Malam Habila, Mai Nemo Wa Gida Sabis

Kafin shagunan Malumfashi su gama buɗewa, Malam Habila Matta ya riga ya ɗaure jakar kayan aikinsa a bayan tsohon babur ɗinsa. Ba ya sauri. Ko kiran gaggawa aka yi masa, sai ya tsaya wajen mai ƙosai, ya gaisa da kowa har da tambayar yabanya.

Tun ƙarshen shekarun saba'in yake wannan fama. Da rediyo ya fara. Da talabijin ta shigo gidajen ma'aikata a shekarun tamanin, shi ne mai hawa rufin kwano yana juya eriya a kan doguwar gora, mutanen gida na ɗaga murya daga ɗaki suna cewa ya ƙara kaɗan, ya dawo kaɗan. Yanzu da zamani ya kawo na'urar intanet ta gida, wadda yara ke kira rauta, bai ce an wuce da shi ba. Zama ya yi ya koya. A wurinsa duk aiki ɗaya ne: akwai saƙo a iska, sai a nemo masa hanyar shiga gida.

Mutanen Bakori har yanzu suna ba da labarin Hajiya Ladidi. 'Yarta Asma'u ta haihu a Fatakwal, haihuwar fari, ga ciwon gwiwa ya hana Hajiya doguwar tafiya. Surukinta ya aiko da rauta don ta ga taron suna a waya. Amma duk kiran da aka yi, sai fuskar Asma'u ta daskare, murya ta riƙa yankewa. Suna ya matso, Hajiya ba ta ga jikarta ba, abinci ma ya daina shiga.

Da Malam Habila ya zo, ya duba ɗakin bai ga na'urar ba.

"Hajiya, ina kika ajiye ta?"

"Tana cikin kabad mana. Abin da suruki ya aiko zan bari a fili ƙura ta ci?"

Can ya same ta a tsakiyar jeren kwanoni, an lulluɓe ta da leshi kamar amarya. Bai yi dariya ba, ko da yake ta zo masa har wuya. Ya ce mata ƙarfe da bango mai kauri suna tare sabis, kuma na'urar tana son iska. Ya kafa ɗan katako kusa da taga ya ɗora na'urar a kai, ya shimfiɗa leshin a ƙarƙashinta maimakon a kanta, don kada ran Hajiya ya ɓaci.

Hoto ya gyaru, amma sauri bai zo ba. Da ya duba, sai ya tarar rabin unguwa na kanta. Hajiya ta raba wa kowa lambar sirri.

"Malam, kar ka rufe. Maƙwabci ya roƙe ni abu in hana shi? Ba a gidan nan ba."

Da wani ne, da ya canza lamba ya kama gabansa. Shi kuwa sai ya buɗe wa maƙwabta tasu hanya daban, ya ƙayyade mata gudu, ya bar wa Hajiya babban rabo. Ba wanda aka kora.

Ranar suna, Asma'u ta ɗago jaririyar, hoto tas. Aka sanar da suna, ashe sunan Hajiya aka sa. Hajiya ta riƙa shafa gilashin wayar da yatsa tana hawaye, tana cewa, "Takwara, kin gan ni?"

Malam Habila, kai ne ka san cewa gyaran na'ura rabin aiki ne, sauran rabin sanin halin mai ita. Kai ne mai shiga gidan fasto da gidan liman, ko'ina a kawo maka ruwa. Bana ka ce ƙafa ta gaji, za ka huta, kuma gaskiya ba mu ji daɗi ba, sai dai ka cancanta.

Mun gode, Malam. Allah Ya ba da lafiya, Ya sa albarka a zuriya. Ku kuma matasan da kuka gaji sana'ar, ku riƙa tsayawa ku saurari masu gida kafin ku taɓa waya. Wata uwar ba intanet take nema ba, 'yarta take son gani.