Bakwai da Rabi na Baba

Agogon mahaifina bai taɓa yarda da na kowa ba a Dakoro. Daga Makka ya zo da shi, ya kuma zo da hanyar ƙirga lokaci ta can: da ladan ya kira magariba sai ya zare ɗan ƙusan, ya mai da hannuwan biyu kan sha biyu. A wurinsa rana daga nan take farawa. Saboda haka idan agogona ya ce takwas na safe, nasa yana wajen ɗaya da rabi, kuma in ka yi gardama kai ne ɓatacce.

Shekarun farko na samun ƴancin kai ne, ina sabon mushe a lakkwal, wato malamin makarantar boko, ina ji da farar rigata. Sai ƙaya ta soki Baba a dunduniya wajen ɗora wa raƙumi buhunan hatsi a Ɗan Gulbi. Ƙafa ta kumbura ta yi suntum. Likitan garin, wani dogo mai saurin magana, ya ce allura kullum ba fashi, in ba haka ba sai Maradi, can kuwa yanke ƙafar za a yi. Ya ce da Faransanci a kawo shi ƙarfe goma sha huɗu, lokacin da yake gama duba mata da yara. Na juya wa Baba da Hausa, na ce ƙarfe biyu.

Washegari da hantsi, agogonsa na nuna biyu cif, aka kai shi bisa jaki. Likita ya leƙo daga cikin taron masu goyo, ya ce lokaci bai yi ba. Baba ya miƙa masa agogo har bakin hanci. Likita ya nuna nasa. Aka rabu kowa yana ganin ɗan'uwansa bai san ƙarfe ba, Baba ya dawo gida yana huci, ya ce shi da gidan likita har abada.

Na tsorata, don na ga jan kumburin ya haura idon sawu. Lallashi bai yi ba. Innarmu ta ce a ce masa bayan azahar mana, ya ce shi mai agogo ba a yi masa magana kamar baƙauye.

Da magariba na shimfiɗa buzuna kusa da nasa. Ya saita agogonsa kan sha biyu, na dubi nawa, shida da rabi. Na ƙirga a yatsa, sannan na je na roƙi likita ya taka da kansa. Ya zo yana gunaguni, ya durƙusa ya gaishe shi.

"Alhaji, gobe bakwai da rabi na agogonka nike jiranka."

Baba ya dube shi sama da ƙasa. "To, yanzu ka yi maganar masu hankali. Yaron ga ne ya haɗa mu."

Har aka gama alluran bai makara ko sau ɗaya ba, likita kuwa ya riƙa tambayarsa ƙarfe nawa a Makka.

Ranar da ya fara taka ƙafar, masallaci ya nufa ba sanda. Ina biye da shi ina kallon dunduniyar nan tana barin sawu a yashi, daɗi ya cika ni. A bakin ƙofa ya juyo, ya ce in ɗaga ƙafa, ni da agogon Nasara kullum a baya muke.