Na kai takalmin yayana wurin baduku a Dala

Mun tashi da asuba daga ƙauyenmu da ke bayan Bichi, ana idar da salla, ni da wani abokin aikina na ɗakin shan magani. An yi ruwa, hanya ta yi caɓi. Na ɗaure buhu a bayan babur, a cikinsa akwai takalmin yayana, Allah ya jiƙansa.

Yayana malamin dabbobi ne. Ya fi shekara goma yana ratsa daji a babur zuwa rugage, yana yi wa shanu allura. Takalmin na fata ne, dogo har ƙasan gwiwa, da maɗauran ƙarfe huɗu a kowace ƙafa, irin wanda ake hawan babur da shi a jeji. Da ya rasu bayan ƙaramar salla, matarsa ta ba ni, tunda ni ma aikina shiga ƙauyuka ne da allurar rigakafi. Sati uku kacal ya yi a hannuna. Na dawo da shi duk laka, na jiƙa shi a bokiti da garin sabulu, na shanya a kan kwanon ɗaki cikin rana. Kafin yamma fatar ta ƙandare kamar ganda, ƙafar hagu ta tsage a idon sawu. Da na nuna wa matar yayana ba ta yi faɗa ba, wannan ya fi faɗan zafi. Cewa kawai ta yi, duk shekara yakan kai shi wurin wani tsohon baduku a gindin Dala.

A Bichi muka ajiye babur wurin mai faci, muka sha koko da ƙosai, muka shiga mota. Kuɗin mota ya kusa ninka na bara. Mu huɗu a baya, ga wata akuya a ƙarƙashin kujera wadda ta sa buhuna a gaba da tauna har Dawanau. Gero ya yi kai dama da hagu, amma ban iya sakin jiki na kalla ba.

Daga Ƙofar Mazugal muka hau adaidaita sahu, inda ta kasa shiga muka taka da ƙafa. Lungunan Dala sun matse, kwata ta cika ta tumbatsa, mutane na tattare riga suna tsallakewa. Sau uku muka yi tambaya kafin wata mai sayar da gurasa ta nuna mana wani soro mai warin jima.

Tsoho ne siriri, yana zaune a kan buzu, da tabarau ɗaure da zare. Muka gaisa, na zazzage buhun. Ya ɗauki ƙafar dama, ya shafa wani ɗinki a dunduniya.

"Wannan ai aikina ne. Ina likitan shanu? Bana ya makara."

Na ce, "Baba, Allah ya yi masa rasuwa. Ni ƙaninsa ne."

Ya ajiye takalmin a hankali, ya yi salati. Ya cire tabarau, ya ɗaga hannu, muka yi addu'a. Wata biyar da rasuwar, amma a soron nan sabuwa ce, ni ma sai ta dawo mini sabuwa.

Da ya ga ƙafar hagu sai ya dube ni. "Wa ya yi wannan?"

"Ni ne, Baba."

"Rana ka ba shi ko wuta?"

"Rana."

Ya girgiza kai, ya miƙo mini ƙafar dama da tsumma, ya ce ni zan gyara wannan, shi ya ji da wadda ta tsage. Haka na zauna yana faɗa ina yi. In laka ta kama takalmi, a kankare ta da ɗan itace, a goge da jiƙaƙƙen tsumma, ba a tsoma fata a ruwa. Tsohon burushin haƙori ke shiga lungun ɗinki. A cusa takarda a ciki ta tsotse laima, a ajiye a inuwa inda iska ke ratsawa, ko da zai kwana biyu. In ya bushe, a lakaci man kaɗanya kaɗan a murza da yatsa har fata ta sha. Maɗauran ƙarfen kuma ɗigon man keke ya ishe su. Sau uku na murza kafin fatar ta fara lanƙwasa.

Shi kuwa ya yanko fatar saniya, ya rarake bakinta da wuƙa, ya ɗinke tsagar ciki da waje. Yana ɗinki yana ba ni labarin yayana: a nan yake zama, ya sayi gurasa su ci tare. "Yakan ce yana da ƙane mai kirki, sai dai gaggawa." Abokina ya yi dariya. Ni ban iya ba.

Muka yi azahar a masallacin lungun. Da za mu tafi ya ce, "Facin zai riƙe, Malam, amma wurin ba zai koma kamar da ba. Ka san da shi."

Mun isa gida gab da magariba. Abin da tafiyar ta koya mini bai tsaya ga gyaran fata ba. Na ɗauka mun gama sanar da kowa rasuwar yayana, ashe akwai masu zaman jiransa waɗanda ko sunansu ba mu sani ba.

Na shiga wurin matar yayana na isar da ta'aziyyar tsohon, na kuma faɗa mata maganar gaggawa. Ta yi dariya, karon farko da na ji dariyarta tun da ta fita takaba.

"Haka yake ce maka a gida ma," in ji ta. Sai ta ja mayafi ta rufe fuska.