Minti Ɗaya Gaban Masarar Yaya

Littafina na farko ya fito da damina, har aka cire masara yana nan jibge ƙarƙashin gadona a Funtuwa, cikin kwalayen da aka kawo shi. Wani abokin aikina a makarantar da nake koyarwa ya ce ni ne ban waye ba. Wai yanzu ba a tallar littafi da ƙafa, waya ake kafawa a karanta shafi guda cikin minti ɗaya, a sakar wa duniya.

Na ɗauka da zafi. In jingina waya da gwangwanin madara, in zauna gaban labule in karanta, in ɗora. Kafin in kai bakin titi na ciro ta sau biyar. A cikin keke ina dubawa, a aji ina dubawa, ko sallama na yi daga salla hannuna aljihu yake fara nufa. Masu kallon ba su wuce ɗalibaina da surukaina ba, su ma na san kara suke yi mini. Har haushin masu tallar turare na riƙa ji, mutum ya ɗaga kwalba kawai a yi ta tururuwa a kansa, ni da na ɓata shekara uku ina rubutu ko oho.

Wata Asabar na je gida, ƙauyenmu da ke gefen Mahuta. Yayana, wanda ya riƙe gonar gidanmu tun rasuwar Baba, ya dace a shekarar. An cashe masara, buhuna sun hau kan juna a ɗakin ajiya har sun kusa taɓa kwano. Littafina kuwa labarin manoma ne. Ina leƙawa na ce, to ga inda ya kamata a karanta shi.

Ba zan ce ban sani ba. A gidanmu ba a faɗin abin da gona ta bayar. Ko ɗan'uwa ya tambayi Yaya, iyakarsa ya ce an samu na tuwo. A da bakin mutane ake gudu. Yanzu kuma masu bindigar da ke fitowa daga daji su ɗauke mutum ake gudu, don an san sukan fara da tambayar wa ya noma da yawa. Duk na san wannan. Amma Yaya ya tafi jana'iza, hasken hantsi ya shigo ta ƙofa daidai yadda nake so, sai na tsaya gaban buhunan na karanta, na ɗora. Har da faɗin sunan ƙauyenmu, don a san ni ɗan gida ne.

Wannan karon abin ya tashi. Kafin la'asar wayar ta yi zafi a hannuna. Ba wanda ya tambayi littafi. Wannan ya ce masha Allahu, wancan ya ce nawa buhu, wani ya rubuta cewa ai ya san gidan, wanda ke bayan masallaci. Wallahi murna na yi. Kwana biyu ina yawo da waya ina nuna wa malamai.

Rana ta uku Yaya ya zo Funtuwa a kan babur. Bai shiga gidana ba, a ƙofar makaranta ya tsaya ya aika a kira ni.

"Jiya a kasuwar Dandume," in ji shi, "wani mutum da ban taɓa gani ba ya dafa ni. Ya ce, Alhaji, ashe haka Allah ya yi maka bana? Ya nuna mini ɗakina a cikin wayarshi. Ni yaushe na zama Alhaji?"

Na fara cewa ai don littafi ne, ya ɗaga hannu.

"Iyalina ke kwana a gidan nan, ba littafinka ba. Goge."

Na goge yana kallo. Ya tambaya ko shi ke nan ya fita daga wayar kowa. Na so in yi masa ƙarya, na kasa. Na ce wasu sun riga sun kwafa. Ya tada babur ya tafi.

Cikin makon ya kira mota. Masarar da ya yi niyyar ajiyewa sai bazara, lokacin da take daraja, ya kai ta kasuwa da kaka tana araha. Da rana tsaka ya sa aka yi lodin, ƙofar gida a wangale, don duk mai ido ya ga an kwashe. Matarsa da yara ya tura su gidan iyayenta a Malumfashi, suka yi kusan wata. Ba wanda ya zo. Har yau ban sani ba, kwashewar ce ta hana ko dama ba mai niyya, kuma rashin sanin ya fi komai cina.

Sai da suka dawo na yi ƙarfin halin zuwa. Inna, mahaifiyarmu, ta tare ni a zaure.

"Sannu da hanya. Abin naka na aljihu?"

Na ce yana nan.

"Bar shi a kan taga, ka shigo ka ci tuwo."

Na ajiye na shiga. Yaya na zaune a tsakar gida yana gyaran galma. Ɗakin ajiyar babu ko ƙwaya a ciki, amma da ya ga na doso sai ya miƙe ya ja ƙofar.