Shirun Akurki

Da safiyar yau na buɗe akurki, babu kazar da ta fito. Waɗansu sun sandare, sauran sun saki fukafukai suna numfashi da ƙyar. Ban san sunan cutar ba, maƙwabtana ma ba su sani ba. Nan take marigayiya kakata ta faɗo mini a rai.

Al'adarta ce ta kara kunne a jikin akurki kafin ta buɗe shi. Wata shekara ta kara, sai ta ji shiru. Ta jiƙa ɓawon maɗaci da barkono tana ɗura wa kajin, tsakar gida duk warin tokar da ta barbaɗa, amma suka ci gaba da mutuwa. Mu jikoki ta hana mu kusantar wurin, domin ba ta san iyakar abin ba.

Ana haka sai ga mai sayen kaji a keke.

"Inna, ba ni masu sauran numfashi. Gobe kasuwar Ɗambatta, wa zai gane?"

Ta ce, "Ɗan nan, wadda za ta saya ba ta da akurki ne? Hau kekenka."

Waɗanda suka mutu kuwa da kanta ta binne su.

Har yau wannan mugun ciniki bai daina ba ni takaici ba. Ɗazu wani mai sayen kaji ya yi sallama da kejinsa, ga shi kuwa kajin nan su ne duk abin da maiɗakina ta mallaka. Duk da haka mun sallame shi ba mu sayar masa ba, na aika a kira malamin dabbobi, na ɗauki fartanya don in binne matattun kamar yadda kakata ta yi.

Allah Ya haskaka makwancinta, Ya tsayar da wannan cuta a cikin katangata.