Allurar da Ba a Soka Mini Ba

Ciwon ɓarin kai tun ina budurwa nake fama da shi, amma na lokacin cikina na fari ya wuce misali. In ya taso, idona na hagu sai ka ce zai faɗo ƙasa, ko ƙarar babur ba na son ji, ga shi gidanmu a Zogbeli a bakin titi yake. Ƙwayar da na saba sha kuwa, nas ɗin da na je wurinta a ɓoye ta ce in ajiye ta sai na haihu. To ya zan yi? Sai in ɗaure kai da ɗankwali tamau, in kwanta a kan siminti ina ta juyi.

A ɓoye na je, saboda ni 'yar Hausawan Sabonjida ce, mijina kuma Dagomba ne, a gidansu ba a ambaton cikin fari. Mai cikin ba ta faɗa, wanda ya gani ma ba ya faɗa, har sai 'yar'uwar miji ta zo ta rataya wa amarya laya, ta ɗan ranƙwashe ta a ka, ta ce jiya ke yarinya ce, yau kin girma. Daga ranar ne bakin kowa yake buɗewa. Yayar mijina da za ta yi mini tana can ƙauye tana tsintar kaɗanya. Aka aika sau biyu, ta ce tana nan tafe. Wata uku cur ina amai a bayan ɗaki, ina tofar da yawu kamar wadda aka ɗauka aiki, gidan kaf kowa ya sani, amma in an gaishe ni sai a ce, "Ya zazzaɓi?" Zazzaɓi fa! Wallahi har haushin gaisuwar nake ji.

Uwar mijina, Mma muke ce mata, ita ta gaji da ganina a kwance. Gwiwarta ta taɓa damunta, aka kai ta wani ɗan asibiti a Kanvili inda ake maganin allura irin na Sinawa, ta ji daɗinsa. Alluran ba irin na asibiti ba ne, babu ruwan magani a ciki, sirara ne kamar gashi, a tsira su a jiki a bar su ɗan lokaci a cire. Wata safiya ta ce, "Amariya," haka take kiran amarya da harshensu, "sa mayafinki." Muka hau yelo-yelo, keken nan mai ƙafa uku, kowane rami ya faɗa sai na ji shi a tsakiyar kaina.

Likitar mace ce 'yar Kumasi, tana jin Hausar zango. Ta zaunar da ni, ta ba Mma kujera dab da gadon, ta ɗauko takarda tana tambaya. Shekaruna nawa, yaushe ciwon ya fara, ina da hawan jini ko babu. Sai kawai ta ce, "Kina da ciki?"

Na sunkuyar da kai. Mma ta gyara zama ta ce, "Kanta ne ke ciwo."

Likitar ta dube ni. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, na girgiza kai. Ina ganinta ta ja layi a takardar. Haba, ni da na yi makaranta, na san abin da ya sa ake irin wannan tambaya, amma a gaban uwar miji bakina ya ƙi buɗuwa. Na ce a raina, ai a kai za a soka, ina ruwan kai da ciki?

Na kwanta. Ta tsira ɗaya a tsakanin girana, biyu a gefen kunne, zafin ko cizon sauro bai kai ba. Sai ta kama hannuna na dama, ta murza naman da ke tsakanin babban yatsa da manuni, ta goge da auduga mai sanyi. Tana ɓare sabuwar allura tana hira da Mma, ta ce, "Nan wurin shi ne sarkin ciwon kai. Mai ciki kaɗai ba mu taɓa wa nan, an koya mana yana iya motsa mahaifa."

Na juya ido na dubi Mma. Ta ji, wallahi ta ji, don na ga carbin hannunta ya tsaya. Na jira ta yi tari, ta ce a bari, ta ce mun fasa, ta ƙirƙiro ko wace irin ƙarya ce. Leɓenta kawai ke motsi. Allurar kuma ga ta nan ta kusa taɓa fatata.

Na fizge hannuna na ce, "Ina da ciki! Wata uku!"

Likitar ta ja da baya, ranta a ɓace. "Sista, ba na tambaye ki ba? Wasa kike da ni?" Ta yi ta faɗa, kuma tana da gaskiya. Mma ta miƙe, ta ɗauki takalmanta a hannu ta fita. Likitar ta sake takarda, ta ce sai na kawo katin awo kafin ta ƙara taɓa ni, ta cire ukun da ta sa. Na fito da ciwon kaina yadda na shiga da shi, har ya ƙaru.

Muka hau yelo-yelo muka kama hanyar gida. Ni ina tafasa. Ni aka yi wa laifi, amma ni ce na zama mara kunya, wadda ta kwance wa gidan miji zani a gaban baƙuwa. Mun kusa gida na kasa daurewa, karo na farko tun da aka kawo ni na ɗaga mata murya.

"Mma, don Allah, da ban yi magana ba, barinta za ki yi ta soka mini?"

Ba ta kalle ni ba. Titi take kallo. Can ta ce, "Nawa cikin na fari, da bakina na faɗa wa ƙawata a bakin rijiya, kafin a rataya mini laya. Bai kai wata biyar ba ya zube. Namiji ne, na gan shi." Ta share fuska da bakin mayafi. "Allura ban san ta ba, Amariya. Baki kuwa na san shi."

Haushin bai tafi ba, sai dai na rasa wanda zan sauke wa shi. Da muka sauka ta riƙe mini hannu muka tsallaka kwata. Tun daga ranar har na shiga wata na shida, kullum da safe in na fito daga banɗaki sai in tarar da ita tsaye da tsintsiya a inda babu shara, tana duban bayan zanina ko za ta ga jini.